Tsakuwar Kwalbati

A garinmu, in ka tambayi shagon Hatanaka Tsuneo, mutane za su tsaya suna sosa ƙeya. Amma ce musu awarar Kwalbati kake nema, nan take za a nuna maka: ka wuce gidan waya, ka sha kwana a gidan wanka, shago na uku mai shuɗin labule. Shekarunsa hamsin da shida, talatin da takwas daga ciki da wannan suna ya yi su. An taɓa aiko masa da wasiƙa an rubuta Kwalbati-san kawai a bayanta, wato Malam Kwalbati, ba lamba ba unguwa, kuma ba ta yi kwana a hanya ba.

Sunan ya samo asali a bazarar 1986, ranar wasan ƙarshe na besbol na makarantun sakandaren lardinmu. Wanda ya ci shi ne zai tafi gasar ƙasa, inda garinmu bai taɓa leƙawa ba tun da aka kafa shi. Aka rufe shaguna, aka cika manyan motoci goma sha ɗaya, har likitan haƙori ya bar mutum da auduga a baki ya bi ayari. A zagaye na tara, na ƙarshe, muna gaba da ci ɗaya. An fitar da mutum biyu na abokan karawa, saura ɗaya a tashi, amma suna da mutum biyu a kan tasha suna jiran su ruga gida. Okabayashi mai jifanmu ya jefa, mai bugunsu ya taɓa ta da ƙyar, ƙwallon ta taho tana gangarawa a ƙasa kai tsaye wurin Tsuneo, mai tsaron tasha ta biyu. Irin ƙwallon da tsohuwa za ta tare da tsintsiya ce. Ya durƙusa, ya ajiye safar hannunsa a ƙasa, ƙwallon ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta wuce abinta. Mutum biyu suka shiga gida, wasa ya ƙare. Wani a cikin 'yan kallo ya ce ai kwalbati muka ajiye a tasha ta biyu, kafin motoci su iso gari sunan ya riga su.

Abin da Tsuneo ya gani daban ne. Taku huɗu kafin ƙwallon ta iso shi, ta taka wata 'yar tsakuwa, ta yi tsalle kamar tsawon yatsa uku, ta haye safar hannun. Amma ɗan wasa a wurinmu ba ya ɗora wa fili laifi. Filin nan da hula a hannu ake shigarsa, a rusuna masa, in za a fita a sake rusunawa a gode masa, ko da kuwa ya gama yi maka wulaƙanci. Da koci ya tambaye shi abin da ya faru, Tsuneo ya cire hula ya dafe ta a ƙirji, ya sunkuya ya ce laifinsa ne. Bayan an watse ya koma ya tsinci tsakuwar, girmanta bai wuce ƙwayar waken suya ba. Ya saka ta a kwalin ashana, ya ajiye kusa da hoton mahaifinsa. Daga shi sai matarsa Fumie suka san da ita, ita ma sai da suka shekara bakwai da aure ya nuna mata.

Kada a ce mu mutanen garin ba mu da kirki. Mun yafe masa, kuma duk bazara muna zuwa har shago mu tuna masa cewa mun yafe masa. Ya gaji sana'ar mahaifinsa, ya auri Fumie, suka haifi Chiho, ta girma ta tafi birni, awararsa kuwa babu mai kushe ta. Sai dai ko takarda ce ta faɗo daga hannunsa, za ka ga mutane suna kallon juna suna danne dariya. Okabayashi, wanda yanzu kansila ne mai tumbi da katin suna, kullum da safe sai ya zo ya sayi soyayyar awara guda biyu, kuma kullum in ana miƙa masa sai ya ce, "Riƙe da kyau, Kwalbati, kar ta bi ta ƙasa." Shekara talatin da takwas bai sauya ko kalma ɗaya ba, kuma shi ne ke fara dariya.

Shi kuwa Tsuneo, da zarar ya matse awarar safe, ƙarfe shida daidai, sai ya ɗauki tsohuwar safar hannunsa ya nufi bangon gidan wanka. Ya jefa ƙwallo, ta dawo a ƙasa, ya tare, har sau ɗari, ko ana ruwa ko ana sanyi. Babu ƙungiyar da ke jiransa, babu wasan da zai buga. Maƙwabta sun yi ƙorafi a shekarar farko, daga baya suka lura abin yana da amfani, suka daina saita agogo. Uwargida Uchikoshi, mai aiki a asibitin garin gaba, da bugun farko take tashi, a na sittin ta zuba shayi, a na ɗari ta kulle ƙofa ta nufi tashar jirgin ƙasa.

Ana nan sai wani kamfanin wasannin bidiyo na Osaka ya shiga matsala. Suna da wasan besbol da suke fitar da sabo duk shekara, kuma taƙamarsu ita ce babu abin da ya bambanta shi da zahiri. Sun ƙirga ciyawar fili. Sun sa gumi yana gangarowa a wuyan mai jifa gwargwadon zafin ranar. Akwai ma'aikaci guda da ya shekara biyu ba ya komai sai kumfar giyar da ke hannun 'yan kallo. Duk da haka masu buga wasan suka yi ta ƙorafi cewa kuskuren 'yan wasan ba shi da rai: mutum zai saki ƙwallo kamar wanda aka aiko ya sake ta. Kamfani ya nemi ƙwararrun 'yan wasa su zo a ɗauki motsin jikinsu suna kuskure, wakilansu suka ce 'yan wasansu ba sa kuskure. Aka ɗauko 'yan wasan kwaikwayo, su kuma suka riƙa zubewa ƙasa kamar an harbe su. Daga nan wani ya tono tsohon kaset na gidan talabijin ɗin lardinmu.

Shugabar aikin da kanta ta zo, wata mata mai suna Shirakawa, 'yar kimanin shekara arba'in da biyar, da kwalin alewa a hannu. Ta yaba awara, ta yaba labule, ta yaba iskar garin. Sai da shayi ya huce sau biyu kafin ta iso kan maganar.

"Hatanaka-san," ta ce, "mun zauna mun kalli kuskure dubu huɗu da ɗari biyu. Ba yabon gaban ido ba, naka ya fi kowanne inganci."

Fumie, da ke tsaye da buta, ta ce, "Baban Chiho, ka ji fa. Yau kai ne na ɗaya a ƙasa."

Da ya so ya raka baƙuwar bakin ƙofa cikin ladabi a wuce wurin. Amma akwai tambaya ɗaya a ransa. Ya tambaye ta ko da gaske ne duk abin da ke cikin wasansu yadda yake a zahiri haka suke saka shi. Ta ce har ƙwayar ƙasa ta ƙarshe. Ya ɗaga kai ya dubi kwalin ashanar. Bakinsa ba zai iya faɗa ba, tarbiyya ta ɗaure shi tun yana ɗan shekara sha takwas, amma in na'ura ce ta nuna, ai ba shi ya ɗora wa fili laifi ba. Abin da yake so a duniya ke nan, a ga tsallen nan, ko sau ɗaya. Ya ce zai zo.

A Osaka suka saka masa wata baƙar riga mai matse jiki daga wuya har idon sawu, suka manna masa fararen ɗigo ko'ina, ya fito kamar zabuwa. Tumbinsa kaɗai ya ci ɗigo shida. Ɗakin yana da kyamara hamsin da huɗu, an shimfiɗa ƙasar fili ta gaske wadda aka tankaɗe sau uku, ga wata na'ura da ke gangaro da ƙwallo daidai saurin waccan ta cikin kaset. Shirakawa ta roƙe shi ya saki jiki ya yi yadda ya saba.

Ya yi yadda ya saba. Na'ura ta gangaro da ƙwallo, ya tare. Ta sake, ya tare. Aka yi hamsin, aka yi ɗari. Kafin a raba abincin rana ya tare ɗari biyu da goma sha ɗaya, ko ɗaya ba ta kuɓuce ba, kuma bayan kowacce yana rusunawa yana ba da haƙuri. Da aka ce ya bar ta ta wuce da gangan, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma hannun ya ƙi jin magana, sai ya gan shi ya riga ya cafke. Sau biyu da ya samu ya ɗaga hannun, mai kula da kwamfuta ya girgiza kai ya ce na bogi ne, domin kafaɗarsa ta san abin da zai faru tun kafin ya faru.

Aka shiga taro na awa biyu kan dalilin da ya sa Hatanaka-san ba ya kuskure. Washegari suka zo da dabaru. Suka kunna fitilu har ɗakin ya kai zafin waccan ranar. Suka saki ihun 'yan kallo dubu ashirin ta lasifika. Suka sa wani ma'aikacin ofis ya saka kayan koci yana daka masa tsawa, shi kuma bawan Allah yana tsawar yana neman gafara. Tsuneo ya tare ɗari uku. Wani daga cikinsu ya ce a hankali, amma ba a hankalin da ba za a ji ba, anya ba mutumin da ba shi ba aka ɗauko? Wannan maganar ce ta fi yi wa Tsuneo daɗi a duk rayuwarsa, kuma ita ce ta ba shi ƙarfin hali.

Ya nemi a miƙo masa jakarsa. Ya ciro kwalin ashanar, ya taka taku huɗu zuwa wajen na'urar, ya durƙusa ya dasa tsakuwar a cikin ƙasar da aka tankaɗe sau uku. Mai kula da ƙasar ya buɗe baki, Shirakawa ta ɗaga masa hannu. Tsuneo ya koma wurinsa ya ce a sako.

Ƙwallon ta taho, ta taka tsakuwar, ta yi tsallenta na yatsa uku, ta haye safar hannun ta wuce. Sauran kuwa ba shi ya yi ba, jikinsa ne ya tuna. Kai ya leƙa ta tsakanin ƙafafu, kafaɗar hagu ta faɗi, hannu ya tafi neman hular da babu ita ya dafe ƙirji, ya sunkuya. Hawaye ne suke zuba a kan ƙasar kamfani. Aka ɗauki tafi, ita kanta Shirakawa tana share ido tana tambayar ko duk kyamarorin sun ɗauka.

Da ya ɗago, ya nuna ƙasa da yatsa, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa a gaban mutane ba. "Tsakuwa ce," ya ce. "Tun ranar, tsakuwa ce."

Suka karɓi tsakuwar da hannu biyu, suka kwana biyu suna ɗaukar hotonta ta kowace fuska, suka auna nauyinta, suka ba ta lamba. Shirakawa ta ce za ta shiga wasan, ta yi masa alkawari. A tashar jirgi Tsuneo ya ci kwano biyu na taliya a tsaye, ya sayo wa Fumie gyale mai launin da ba ta so. Wata bakwai ya yi yana jira cikin farin ciki, har in Okabayashi ya yi zolayarsa ta safe sai ya taya shi dariya, abin da ya sa kansilan ya fara tambayar mutane ko lafiyar Kwalbati ƙalau.

Saura mako biyu wasan ya fito, aka kawo masa wani ɗan akwatin katako mai kyau da wasiƙa shafi uku. Shafi biyu na gaisuwa ne da bayanin yanayin kaka. A na uku aka ce an ba masu gwaji arba'in wasan, kuma duka arba'in ɗin sun rubuta cewa akwai matsala: ƙwallo tana tsalle babu dalili, kuma a zahiri ƙwallo ba ta yin haka. Da aka ƙara girman tsakuwar don a gan ta, sai suka ce a zahiri babu tsakuwa a filin gasa, kuma wannan cin fuska ne ga masu gyaran fili. Saboda haka kwamitin tabbatar da inganci ya yanke shawarar a cire tsakuwar, a miƙar da tafiyar ƙwallon, a bar motsin jikin Hatanaka-san yadda yake domin babu abin gyarawa a cikinsa. A ƙasa Shirakawa ta ƙara layi ɗaya da hannunta tana neman gafara. Cikin akwatin ga tsakuwar a kwance kan farin siliki.

Fumie ta karanta, ta ninke wasiƙar, ta ce da ta sani da ta zuba wa matar nan ruwan zafin a cinya. Shi kuwa ya rufe akwatin. Ya yi baƙin ciki irin wanda bai yi ba ko a ranar wasan, domin a ranar aƙalla ƙwallon ta yi tsalle.

Wasan ya fito, mujallu suka ba shi tara da rabi cikin goma. Abin da suka fi yabawa shi ne kuskuren. Suka ce ba a taɓa ganin gazawar ɗan Adam ta fito sarai haka a allo ba: ƙwallo miƙaƙƙiya, mai sauƙi, ba uzuri ko kaɗan, ga mutum ya sake ta. An saita shi ya riƙa faɗowa sau ɗaya cikin ƙwallo ɗari uku, a jikin kowane ɗan wasa, da fuskar kowa. Amma mu ba a ɓoye mana. Wannan kafaɗar hagun da wannan dafe ƙirjin, ko a duhu mun san mai su. Aka yanko wurin, daƙiƙa tara, ya zaga wayoyin garin, daga nan ya zaga ƙasa. Baƙi suka fara zuwa ranar Asabar suna ɗaukar hoton labule. Ciniki ya ƙaru, wanda ya ƙara ɓata masa rai.

Ranar wata Talata Okabayashi ya shigo da waya a hannu tun kafin ya ɗaga labule yana dariya. Akwai mutum uku a shagon, har da Uwargida Uchikoshi da ke hutu ranar. Tsuneo yana tsaye hannunsa cikin ruwan sanyi yana yanka awara. Kansila ya ce sai kowa ya gani, ya ɗaga wayar ya kunna. Aka yi dariya daidai gwargwado. Ya sake kunnawa. A karo na uku shi kaɗai ke kallo, ya matso da wayar kusa da hancinsa, ya ɗage tabarau.

"Ƙarya suka yi," ya ce. "Ba haka ta tafi ba. Tsalle ta yi."

Awarar da ke hannun Tsuneo ta koma cikin ruwa. Ya tambaye shi me ya ce.

"Tsalle ta yi mana, gab da ta iso ka. Wani abu ta taka. Ina tsaye a tsakiyar fili na juyo ina kallo, makaho ne ni? Kuɗin mutane kawai suke ci, su ce wai zahiri."

"Ka gani."

"Na gani. Kyaftin ɗin ƙungiyarmu ma ya gani."

"Shekara talatin da takwas, Okabayashi."

Sai a lokacin kansilan ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya mayar da wayar aljihu, ya gyara wuyan riga. Ya ce ai kai ka ce laifinka ne, a gaban koci, hula a ƙirji, wane ne shi da zai ce ƙarya kake? Ya dubi kaskon suya. Sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa cewa da an ce tsakuwa ce, da mutane sun koma tambayar wanda ya bar mutum biyu suka hau tasha tun farko, kuma kowa ya san wanda ke jifa ranar.

Tsuneo ya tsane hannunsa a tawul, yatsa bayan yatsa. Ya yi zaton ranar da ya ji wannan magana zai yi kuka ko ya shaƙe wani. Sai ya ji gajiya kawai, da wani sanyi a ƙirji mai daɗi. Ya ce wa Okabayashi ya maimaita, da ƙarfi, Fumie tana ciki ba ta ji ba.

Fumie ta amsa daga bayan labulen ciki cewa ta ji sarai, kuma Uchikoshi-san ma ta ji, wanda ke nufin kafin azahar an ji har tashar jirgi. Okabayashi ya duba agogo ya ce yana da zaman majalisa. Ya nemi soyayya biyu. Tsuneo ya naɗe ya miƙa masa, kowa ya jira zolayar. Kansila ya karɓa da hannu biyu, ya fita, zolayar ba ta zo ba.

Sunan dai bai canza ba, kada a yi tsammani. Garin da ya shekara talatin da takwas yana kiran mutum Kwalbati ba zai tashi ranar Laraba ya koyi Hatanaka ba. Wasan ma yana nan yadda yake, kuma an ce za su sake amfani da kuskuren a na baɗi saboda farin jininsa.

Amma ranar Larabar, ƙarfe shida ta yi, bangon gidan wanka shiru. Shida da rabi shiru. Uwargida Uchikoshi ta farka bakwai da kwata, jirginta ya tafi. Mai gidan wanka bai hura wuta a kan lokaci ba, yara biyu suka makara makaranta. Wajen ƙarfe takwas maƙwabta huɗu suka taru a ƙofar shagon da fuskar ta'aziyya, suna tura juna wa zai fara shiga. Suka tarar da shi zaune a kan benci, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana shan shayi, akwatin katakon nan Fumie ta zuba tsinken sakace a ciki.

Da suka tabbatar babu wanda ya mutu, sai mai gidan wanka ya yi gyaran murya a madadin unguwa. Ya ce sun fahimci komai, kuma suna taya shi murna, amma mutane sun saba, ko zai daure ya ci gaba da jifan nan, ko hamsin ne a rana?

Tsuneo ya kurɓi shayinsa, ya ce su sayi agogo.